Hadiza Gabon: Jarumar da Ta Koyi Harshen Sana'arta

Sunan yanka na wannan jaruma shi ne Hadiza Aliyu, amma da wuya a sami mai kallon finafinan Hausa da zai gane ta da wannan suna shi kaɗai. Sai an ce Hadiza Gabon sa'an nan kowa zai san wadda ake nufi. Jingina sunan mutum ga garinsu tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Ta haka aka sami Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari, a nan Bauci kuma aka sami Malam Sa'adu Zungur da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Abin da ya bambanta nata laƙabin shi ne, Gabon ba gari ba ne a ƙasar Hausa. Ƙasa ce sukutum a can bakin teku, inda ba a karatu da Hausa, ba a shari'a da ita, ba a kuma jin ta a gidan rediyon gwamnati yadda muke ji a nan. Yawancin masu karanta wannan littafi suna koyon Hausa ne a matsayin harshe na biyu, don haka ya kamata su san yadda yarinyar da ta tashi a irin wannan wuri ta zama ɗaya daga cikin fitattun masu wasan kwaikwayo da harshen Hausa.

Ƙasar da ta tashi

An haifi Hadiza ranar 1 ga watan Yuni, 1989, a Libreville, babban birnin Gabon. Ƙasar tana Afirka ta Tsakiya, a gaɓar Tekun Atlantika. Kamaru ce maƙwabciyarta ta arewa, Kwango kuma ta kewaye ta daga gabas da kudu. Mafi yawan ƙasar kurmi ne mai duhu, ruwan sama kuwa ba a magana. Faransa ce ta yi mata mulkin mallaka har zuwa ranar 17 ga Agusta, 1960, kuma Faransanci ne ya ci gaba da zama harshen hukuma da na makaranta, ko da yake mutanen ƙasar suna da harsunansu na gado irin su Fang da Punu. Akwai Hausawa a Gabon, jikokin fatake waɗanda suka gangara ta Kamaru tun da daɗewa, amma 'yan tsiraru ne a cikin jama'a.

Mahaifin Hadiza mutumin Gabon ne, mahaifiyarta kuwa Bafulatana ce mai asali da Adamawa a Nijeriya. A Gabon ta yi firamare da sakandare, duk da Faransanci. Ta fara karatun lauya a jami'a amma ba ta kammala ba. Daga baya ta sami difloma a harshen Faransanci, ta kuma taɓa koyar da shi a wata makaranta mai zaman kanta.

Masu ba da tarihinta sukan wuce wannan aiki na koyarwa da sauri, kamar ba shi da wani muhimmanci. Ni kuwa, a matsayina na malamin harshe, ina ganin yana da shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allo yana bayyana wa yara dalilin da ya sa ake faɗin kaza ba a faɗin kaza, ya riga ya san cewa harshe ba tarin kalmomi ba ne kawai, yana da ƙa'idoji a ɓoye. Irin wannan mutum in ya shiga cikin masu wani harshe dabam, kunnensa yakan riƙa neman ƙa'idar tun kafin a gaya masa ita.

Daga Adamawa zuwa Kaduna

Da ta zo Nijeriya, Adamawa ta fara sauka, wajen dangin mahaifiyarta. Daga can ta wuce Kaduna da niyyar shiga harkar fim. Domin a fahimci abin da ta tarar, sai mun ɗan waiwaya baya.

Fim ɗin Hausa na bidiyo ya fara ne da Turmin Danya, wanda ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990. Cikin shekara goma sana'ar ta bunƙasa, har mujallar Tauraruwa ta raɗa mata suna Kannywood a 1999. Bunƙasar ta zo da ƙorafi daga iyaye da malaman addini, musamman kan rawa da waƙa tsakanin maza da mata. A 2001 gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai. A 2007 aka ƙara tsananta dokoki, aka dakatar da ɗaukar fim a jihar na wasu watanni, sai masu shirya finafinai da dama suka karkata ayyukansu zuwa Kaduna da Jos. Ke nan Hadiza ta shigo sana'ar a lokacin da take cikin tsaka mai wuya, kuma a lokacin da iyaye da yawa ba sa son a ga 'yarsu a akwatin talabijin.

A nan ta sadu da Ali Nuhu, wanda tun a wancan zamani ake yi wa laƙabi da Sarkin Kannywood. Shi ya yi mata jagora, kamar yadda ya yi wa wasu 'yan wasa da dama kafinta da bayanta. A 2009 ta fito a fim ɗinta na farko mai suna Artabu, tana da shekara ashirin a duniya.

Samun shiga abu ne guda, daɗewa a ciki kuma wani abu ne dabam. 'Yan mata nawa ne suka fito a fim ɗaya ko biyu aka manta da su? Kyan fuska yakan sa a ba yarinya fitowa ta farko, amma ba ya riƙe ta shekara goma. Abin da ke riƙe ɗan wasa shi ne magana. Waƙoƙin da ake gani a finafinan Hausa, mawaƙa ne suke rera su a situdiyo, 'yan wasa bin su kawai suke yi da baki. Zance kuwa babu mai yi maka shi. Hadiza ta tashi ne da Faransanci a bakinta, sai a Nijeriya ta zauna cikin Hausawa sosai har harshenta ya faɗa. To, mene ne ainihin abin da mai irin wannan tarihi zai ƙware a kansa kafin Bahaushe ya kalle shi a fim bai ji wani abu ya soke shi a kunne ba?

Abin da kunnen Bahaushe yake saurare

Na farko su ne baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, tare da 'yan uwansu ts da 'y. Babu ko ɗaya daga cikinsu a Faransanci ko Ingilishi. Fulatanci, harshen dangin mahaifiyarta, yana da ɓ da ɗ da 'y, amma ba shi da ƙ da ts. Baƙon harshe yakan ɗauka cewa wannan 'yar ƙugiya ado ce, alhali ma'ana take canzawa. Baki dabam, baƙi dabam. Kare dabba ne, ƙare kuwa gama abu ne. A ƙaddara darakta ya tsara fitowar da uwa za ta ce wa ɗanta, “Ka ba ta kuɗi.” In 'yar wasa ta matse baƙin farko ta ce, “Ka ɓata kuɗi,” umarni ya koma zargi, labari ya karkace, dole a sake ɗauka.

Na biyu ya fi wannan wuya, domin ba a ganin sa a rubuce ko kaɗan. Hausa tana da karin sauti, wato hawa da saukar murya a kan kowace gaɓa, tana kuma bambanta dogon wasali da gajere. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya. Gari da ake zama a cikinsa da gari da ake tuƙa tuwo da shi rubutunsu ɗaya, amma na biyun wasalinsa na farko dogo ne. Kuka na mai hawaye murya a sama take a gaɓoɓinsa biyu, kuka ta miya kuwa murya sauka take yi a gaɓar ƙarshe. Abin bai tsaya ga sunaye ba, har cikin nahawu ya shiga. Dubi wannan jimla mai kalma biyu: “ya tafi.” In an ja wasalin ya da murya a sama, labari ake bayarwa, mutumin ya riga ya wuce. In an gajarta shi aka sauke murya, izini ne ko kora, wato a bar shi ya kama gabansa. Marubucin fim zai rubuta su iri ɗaya a takarda. 'Yar wasa ce za ta duba abin da ya gabata, ta san wanne ake nufi, ta kuma furta shi daidai alhali tana kuka ko tana dariya. Faransanci ba shi da karin sauti mai canza ma'anar kalma, saboda haka wanda ya fito daga cikinsa sai ya horar da kunnensa daga tushe.

Na uku shi ne jinsi. A nan za a zaci mai jin Faransanci ya huta, tunda harshensa ma yana raba sunaye zuwa namiji da tamace. Ya huta ta fuskar sanin cewa akwai irin wannan rabo, amma rabon bai zo ɗaya ba. Rana a Hausa tamace ce, muna cewa rana ta faɗi, a Faransanci kuwa namiji ce. Wata a wurinmu namiji ne, muna cewa wata ya tsaya, a wurinsu tamace. Gida namiji ne a Hausa, tamace a Faransanci. Bugu da ƙari, Hausa tana bambanta jinsin wanda ake yi wa magana, kai da ke, ka zo da ki zo, abin da Faransanci da Ingilishi ba sa yi.

Wannan batu na jinsi ya shafe mu ƙwarai a nan Bauci. Duk wanda ya san unguwar Gwallameji, inda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya take a kan hanyar Dass, ya san irin cakuɗuwar jama'ar da ke wurin. Sayawa da Jarawa da Angasawa da Tangale da Tibi da Ibo da Yarabawa, kowa da harshen gidansu, amma da Hausa suke ciniki da mai shayi, da ita suke jayayya da ɗan acaɓa kan kuɗin zuwa Wunti. A wannan Hausa za ka ji ana cewa motan ya lalace, ko rigan ya yi kyau, kowa ya gane, babu mai ɗaga gira. Kai, har a bakin 'yan asalin gari, karin harshen Bauci ba ya tsananta jinsi kamar na Kano, kuma yakan ce “ya sayi riga wa Audu” inda Bakano zai ce “ya saya wa Audu riga.” Wannan ba laifi ba ne, karin harshe ne, kuma kowane yanki yana da nasa. Sai dai finafinan Hausa sun ginu ne bisa Kananci, wanda shi ya fi kusa da daidaitacciyar Hausa da ake rubuta littattafai da jarrabawa da ita. Hausar da za ta kai ka kasuwa ta dawo da kai gida lafiya ba lallai ne ta ishe ka fitowa a matsayin 'yar attajirin Kano a cikin fim ba.

Akwai kuma abin da ya wuce furuci da nahawu, wato sanin abin da ba a faɗa. A al'adar Hausawa mace ba ta kiran sunan mijinta gatsau, sai ta ce maigida ko malam ko Alhaji. Uwa takan yi alkunya ga ɗanta na fari, ta ƙi ambaton sunansa, ta kuma ɓoye son da take yi masa a gaban mutane. Amarya a gaban surukarta takan durƙusa, ta sunkuyar da kai, ta amsa tambaya da kalma ɗaya ko biyu. Kishiyoyi kuwa ba kasafai suke zagin juna kai tsaye ba. Ɗaya za ta riƙa yi wa kaza faɗa a tsakar gida, alhali ita da abokiyar zamanta duk sun san ba da kazar ake ba. Wannan shi ne habaici. Haka nan gatse, inda za a ce wa wanda ya wuni yana barci, “Sannu da aiki.” Kalmomin gaisuwa ne, amma muryar ce take nuna cewa ba'a ce. Mafi yawan finafinan Hausa a kan zaman aure da zaman gida suke, saboda haka waɗannan abubuwa su ne kayan aikin 'yar wasa na kullum. Sa'an nan a wasan kwaikwayon Hausa, tun zamanin shirye-shiryen rediyo da talabijin na da, ba kowace kalma ake rubuta wa ɗan wasa ba. Sau da yawa akan bayyana masa abin da fitowar ta ƙunsa ne, shi kuma ya tufatar da ita da maganarsa. Wanda haddar jimloli kawai ya iya, a nan asirinsa yake tonuwa.

Shekarun da sunanta ya fito

Babbar shaida kan yadda Hadiza ta shawo kan waɗannan matsaloli ita ce irin matsayin da aka riƙa ba ta. Wasan kwaikwayon Hausa ya daɗe yana amfani da Hausar baƙi don ban dariya. Marigayi Usman Baba Pategi, Banufe daga jihar Kwara kuma tsohon soja, ya yi suna da shirin Samanja a rediyo da talabijin na Kaduna, inda yake cakuɗa Hausa da Turancin bariki da gangan, jama'a suna ta dariya. Gwaninta ce babba, amma irin wannan hanya takan tsare ɗan wasa a matsayi guda. Hadiza ba ta bi ta ba. An riƙa sa ta a matsayin 'yar Hausawa, budurwa ko matar aure ko 'yar ƙauye, masu kallo kuma suka karɓa.

Fim ɗin 'Yar Maye, wanda ya taɓo matsalar shaye-shaye a tsakanin 'yan mata, yana cikin waɗanda suka fito da ita fili. A 2013 ta sami kyautar gwarzuwar jaruma a rukunin finafinan Hausa a bikin Best of Nollywood, saboda rawar da ta taka a Babban Zaure. A 2014 aka sake karrama ta a bikin kyaututtukan Kannywood wanda kamfanin MTN ya ɗauki nauyinsa, a kan fim ɗin Daga Ni Sai Ke. Tsakanin Artabu da kyautar farko shekara huɗu ce kacal. Ta kuma fito a Basaja tare da Adam A. Zango, fim ɗin da ya karɓu ƙwarai a wurin matasa.

Komawa talabijin

A daidai wannan lokaci kasuwar fim ta fara sauya kama. Da, furodusa yakan buga faifai dubbai ya kai wa 'yan kasuwa a Kano, daga nan su bazu zuwa sauran garuruwa. Masu satar fasaha da masu tura finafinai a waya suka karya wannan ciniki. Sai talabijin, wadda a cikinta wasan kwaikwayon Hausa ya yi tashe tun kafin zuwan bidiyo, ta sake zama mafaka. An buɗe tashar Arewa24 a 2014, ta fara nuna Daɗin Kowa a 2015, daga baya Kwana Casa'in da Gidan Badamasi suka biyo a 2019, sai Labarina a 2020. Irin waɗannan su ake kira finafinai masu dogon zango, domin labari ɗaya ne ake yanka shi kashi-kashi, ana nunawa mako-mako.

Hadiza tana cikin 'yan wasan Gidan Badamasi, wanda Falalu A. Ɗorayi ya ba da umarni. Labarin wani tsohon attajiri ne mai maƙo, wanda ya tara 'ya'ya barkatai daga mata daban-daban, kowannensu yana ƙulla dabarar da zai yagi rabonsa daga dukiyar uban. Shirin barkwanci ne, kuma a ganina babu jarrabawar da ta kai barkwanci tsanani ga wanda ya koyi harshe da girmansa. Ana iya sa mai kallo kuka da fuska kawai. Dariya kuwa tana bukatar kalmar da ta dace ta faɗo a daidai lokacinta, in ta makara da ƙiftawar ido ta mutu. Ga shi kuma za a yi ne tare da gwanayen raha waɗanda aka haifa cikin harshen, masu jefo magana ba shiri.

Dogon zango yana da wata wahalar da gajeren fim ba shi da ita. A fim na sa'a biyu 'yar wasa takan ɗauki hali ta ajiye shi cikin 'yan kwanaki. A shirin talabijin kuwa za ta zauna da hali guda wata da watanni, kuma masu kallo suna lura. In salon maganarta a kashi na ashirin ya saɓa wa na kashi na uku, za a ji ana tattauna shi a shagon ɗinki da ɗakin kwanan ɗalibai.

Bayan ta kafu a finafinan Hausa, ta taɓa na kudu da Ingilishi, inda ta fito a Lagos Real Fake Life na Mike Ezuruonye. A 2016 ta kafa gidauniyar HAG domin tallafa wa marasa galihu ta fuskar ilimi da lafiya da abinci. A 'yan shekarun nan kuma ta buɗe wani shirin hira a YouTube mai suna Gabon's Room Talk Show, inda take gayyatar abokan sana'arta da mawaƙa su ba da tarihinsu. A wannan shiri babu marubucin da ya tsara wa baƙo amsa. Ita ce take yin tambaya, ta saurari abin da aka ce, ta tsokani baƙon in ya noƙe, ta rarrashe shi in magana ta kai inda hawaye suke zuwa, kuma da Hausa ake gudanar da hirar.

Tambayoyi

1. Wane hali sana'ar fim ɗin Hausa take ciki a lokacin da Hadiza ta isa Kaduna?
2. Kawo kalmomi biyar waɗanda ma'anarsu take canzawa in an cire ƙugiyar baƙinsu, ban da waɗanda aka ambata a darasin.
3. Furta jimlar “ta zauna” ta hanya biyu, sa'an nan ka bayyana wa abokin zamanka bambancin ma'anarsu.
4. Shin harshenku na gida yana bambanta namiji da tamace a wakilin suna? Kwatanta shi da Hausa cikin jimloli huɗu.
5. Ku kasu gida-gida, kowane rukuni ya shirya gajeriyar fitowa ta minti uku wadda za a yi amfani da habaici ko gatse a cikinta.